Binciken Jami'ar Minna Ya Shafi 'Yan Kasuwar Hatsi A Kudu

Daga unguwar Sauka Kahuta a Minna zuwa Gidan Kwano, inda babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya take a kan hanyar Bida, tafiya ce kaɗan a mota. Amma abin da malamai ke bincike a can ya shafi mutanenmu da ke kasuwar Mile 12 a Ikko da Bodija a Badun, ko da yake da yawansu ba su taɓa jin labarinsa ba.

An kafa jami'ar a 1983, ta fara aiki a tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Bosso. A 2019 Bankin Duniya ya zaɓe ta ta riƙe wata cibiyar Afirka mai binciken gubar fumfuna a cikin abinci. Wannan guba, wadda Turawa ke kira afilatoksin, tana kama masara da gyaɗa idan an zuba su a buhu ba su gama bushewa ba. Ba lalle ido ya gan ta ba, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Tana jawo ciwon daji na hanta, tana tsumburar da yara. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara.

To, wa ke ɗauko masarar nan daga Arewa ya kai ta Kudu, inda iska ke da laima? Mutanenmu ne. Watau su ya kamata su fara cin amfanin binciken. Sai dai sakamakonsa yakan tsaya a mujallun Turanci da tarurrukan masana, alhali mai sito abin da yake bukata shi ne a gaya masa da Hausa yadda zai gane buhun da ya lalace. Nan ne jami'ar ke da sauran aiki.

Iyaye ma suna da nasu. Yaron da ya tashi a rumfar hatsi, in ya karanta kimiyyar abinci ko aikin gona, shi zai fi iya kai ilmin nan kasuwa. Kuɗi kuwa ba su ne babban cikas ba kamar da, domin tun 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun NELFUND mai ba ɗalibai rance ba ruwa, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Cikas ɗin yana sakandare ne. Jami'ar tana neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, sannan ga jarrabawar JAMB. Yaron da ake cirewa daga aji duk ranar da mota ta iso da kaya, da wuya ya samu wannan.

Gaskiya ne yajin aikin malamai na wata takwas a 2022 ya sanyaya gwiwar iyaye, karatun digiri a Minna kuma shekara biyar ne. Duk da haka ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da sarakunan Hausawa na Kudu su rubuta wa cibiyar nan, su nemi ta turo malamanta kasuwa kafin kaka mai zuwa.