Albasar tana da suna, manominta fa?

Ƴan uwa matasa, a shagunan kafe na Turai da Amurka akwai kafen da ake rubuta sunan gona da na iyalin da suka noma shi a jikin leda, kuma saboda wannan sunan ake biyan shi da tsada. Habasha ta gane haka. Ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks a kan sunayen Sidamo, Harar da Yirgacheffe har suka daidaita a 2007.

Mu ba mu noman kafe, amma muna da albasa. Daga fadamun Tamaske, Keita, Buza da Madawa ake loda ta zuwa Abijan, Akara da Kumasi. Da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallake irin Violet de Galmi a OAPI, Nijar ta tashi tsaye, daga baya aka yi wa sunan rajista. Madalla. To amma me ya shiga aljihun wanda ya kwana yana ban ruwa?

Manomi yakan ci bashin iri, taki da man injin ban ruwa. A watan Maris da Afrilu kowa ya cire albasarsa lokaci guda, farashi ya faɗi warwas, mai bashi kuma yana bakin ƙofa. Dillali ya zo da buhu, a cika, a ɗora masa hula, a biya kuɗin buhu ɗaya ba tare da awo ba. Wanda ya iya adana ta a rudu zuwa damina, shi ke cin ribar.

Ni ban ce a kori dillalai ba, su ma suna biyan kuɗin mota, suna ɗaukar asarar ruɓewa. Abin da nake cewa: mu masu saye a Tawa da Yamai muna da ƙarfi. Gidaje goma su haɗa kuɗi, su nemi ƙungiyar manoma ɗaya, a yi ciniki da kilo, a ba da wani kaso tun lokacin dashe don kada bashi ya tilasta musu sayarwa da arha. Masu gidan abinci su rubuta garin da albasarsu ta fito.

Gobe in kun je kasuwa, ku tambaya: ta ina ce, kuma nawa aka biya mai ita?