Mamayar Da Ta Biyo Ta Tukunya

Ba kowace mamaya ce ke zuwa da igwa ba. Wata ta tukunya take shigowa, a karɓe ta da tafi, a kira ta wayewa. Duk mai shakka ya dubi abin da ya sami ƙabilar Pima, 'yan asalin Amurka.

Waɗannan bayin Allah manoma ne a gaɓar kogin Gila da ke jihar Arizona, abincinsu masara da wake da kabewa. A ƙarshen ƙarni na 19 sai Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka tare ruwan daga sama, suka karkatar da shi gonakinsu. Gonakin Pima suka bushe, yunwa ta shiga. Gwamnatin da ta zuba ido aka yi wannan zalunci ita ce kuma ta dawo da sunan agaji, tana raba musu fulawa da suga da kitse. An raba su da fartanya, an miƙa musu ƙoƙon bara!

Mene ne sakamakon? Wani bincike da aka buga a 2006 ya gano kashi 38 cikin ɗari na manyan Pima na Arizona suna da ciwon suga. Amma danginsu na duwatsun Sonora a Meziko, masu noma da hannu suna cin abin da suka shuka, kashi 7 ɗin ma ba su cika ba. Jini ɗaya, asali ɗaya. To ina masu cewa ai ciwon gado ne kawai?

Haka a Ostireliya. A 1984 Kerin O'Dea ta buga sakamakon gwajin da ta yi da 'yan asalin ƙasar su 10 masu ciwon suga. Sun bar gari sun koma daji mako 7, suna cin kifi da naman farauta da tsirrai irin na kakanninsu. Ƙiba ta zube, sugan jininsu ya sauka.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wake da ganye da hatsin da ba a tace shi ƙal ba a hankali suke sakin suga cikin jini, su kuma riƙe ciki. Fulawa da lemon kwalba kuwa lokaci guda suke antaya shi.

Abin takaici, ga matashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana jin kunyar a gan shi da ɗan wake ko kwaɗon zogale, wai abincin ƙauye ne. Safe burodi, rana taliyar leda, dare lemo. Furar ma sai an danna mata suga. Alkamar burodin nan akasarinta daga waje ake shigo da ita, kuɗin talaka ya tafi can, cuta ta zauna nan. Sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 shekarar gero sannan 'yan boko suka tuna yana da daraja. Kaico!

Ba a ce mara lafiya ya jefar da maganin asibiti ba. Amma lallai 'yan uwa matasa su farka. Su ne masu cefanen gobe, abin da suka raina 'ya'yansu ba za su ci ba. Pima ƙwace musu ruwa aka yi da ƙarfi. Wanda gero da dawa da kuka ke ƙofar gidansa ya juya musu baya, shi wa zai ce ya ƙwace masa?