Gadar Gaya: ba takunkumi kaɗai ya cuce mu ba

'Yan uwa matasa, yau zan faɗi maganar da ba za ta yi wa wasu alhazanmu daɗi ba. Asarar da aka tafka a gadar Gaya, akwai hannun sakacinmu a ciki.

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, aka rufe iyaka. Ɗaruruwan kamiyoyi suka yi cirko-cirko a Malanbil, ɗauke da abinci da magani. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, namu ya ci gaba da zama a garƙame. Sai dakon kaya ya koma tashar Lome, a ratso Burkina ta Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja. Kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya tashi, talaka ya biya a kasuwa.

Za ku ce wa ya san gaibu? To ai an yi mana gargaɗi. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma ga Kamba nan kusa da mu, mun ga yadda kasuwa ta mutu. Wane darasi muka ɗauka? Kowa ya sake jibge dukiyarsa kan hanyar Kwatano ita kaɗai.

Akwai sana'a sukutum da aka yi domin wannan: nazarin kasuwanci da auna haɗari. Mai wannan aiki shi ke lissafa nawa tan ɗaya zai ci daga Kwatano, nawa daga Lome. Shi ke sanin kwana nawa kwantena za ta yi kafin kamfanin jirgin ruwa ya fara cin tara. Shi ke karanta takardar inshora ya gaya wa Alhaji cewa yawancinsu ba sa biyan asarar yaƙi ko ta jinkiri sai an sayi ƙari. Shi ke bin faɗuwar naira a gaban sefa, ya tanadi hanya ta biyu tun ta farko ba ta toshe ba.

Amma me muke gani? Kayan miliyoyi a hanya, lissafi a ka, an damƙa komai ga ɗan ƙane don kawai na gida ne. In ka yi magana a ce Allah ya kiyaye. Amin! Amma tawakkali ba sakaci ba ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Mu ma matasa da namu laifin. Digiri a aljihu, muna zaman fada muna shan shayi, muna jiran aikin gwamnati. Mutum nawa cikinmu suka iya Excel sosai? Nawa suka san dokokin duwan da tsarin SYDONIA?

Ga abin da nake nema. Jami'ar Dosso ta ba wannan fanni muhimmanci. CNUT da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su buɗa wa matasa ƙofar koyon aiki wajen masu fiton kaya. Alhazai kuma su ɗauki masani su biya shi, domin albashinsa na shekara bai kai asarar kamiyo ɗaya ba.

Buɗewa da rufe iyaka ba a hannunmu suke ba. Shiri kuwa namu ne, kuma ba wanda zai yi mana shi.