Allurar rigakafin fentanyl: ina aka kwana?

A 2022, fentanyl da ire-irensa sun kashe sama da mutum 70,000 a Amurka. A shekarar ne masu bincike a Jami'ar Houston suka sanar da nasarar gwajin wata allurar rigakafi a jikin ɓeraye. Allurar tana sa garkuwar jiki ta cafke ƙwayar tun a cikin jini, ta hana ta isa ƙwaƙwalwa, saboda haka babu maye.

Sai dai ba ta kashe sha'awar ƙwaya, kuma ba za ta tare tramol ko kodin da ke addabar matasanmu ba. Ba ta ma iso asibitoci ba tukuna. Idan ɗan'uwanku ya kamu, kada ku jira ta. Ku kai shi wurin likita, domin magunguna irin su methadone da buprenorphine suna taimakawa.