Fam 400 Saboda Kifin Tirawut?

'Yan'uwana mata, ku taya ni ji. Tunda karatu ya kawo mu Ingila maigida ya koyi fatsa irin ta Turawa, wadda ake ɗaura ƙudan bogi na gashin tsuntsu a ƙugiya don yaudarar wani kifin rafi, wai shi tirawut. Ban ce uffan ba. Sai jiya wai zai sayi abin naɗe igiyar fatsa na fam 400, alhali yana da na fam 40, ga kuɗin haya ya ƙarato.

Wallahi ban yarda ba. Sau uku ina bin sa bakin rafi, na gani da idona. Yawancin kifin nan bai kai kilo ɗaya ba. In ya kamu da hannu ake jawo igiyar, abin naɗewar yana maƙale a gindin sanda, ajiyar igiya kawai yake. Birkin da ake tsuga wa kuɗin na manyan kifi ne irin salmon, masu gudu da igiya.

Ya ce ai kamfanin Hardy tun 1872 suke sana'ar, kayansu har jika zai gada. Na ce, Malam, ban musa ba, amma a biya haya tukuna. Kai ne fa mai yi min gorin tangaran da na jera a kabad ba a cin abinci a ciki! Abin haushi ma, in ya kama kifin sakinsa yake ya koma ruwa, mu dawo gida in buɗe na gwangwani.