Tarin Fuka Mai Bijire Wa Magani Da Kuturta: Muhimmancin Gwajin Farko

A watan Maris na 2025 ne maganin kuturta ya sake shigowa Najeriya, bayan kusan shekara guda da aka yi ana jiran sa saboda tsaiko wajen cika sharuɗɗan gwajin inganci kafin shigo da shi. Idan akwai mai wannan cuta a gidanku, kun san wahalar da aka sha. Amma ko da magani ya wadata, akwai matsalar da ta rage: ana gane cutar daidai kafin a fara sha?

Abin da ya haɗa cututtukan biyu

Ƙwayoyin cutar da ke kawo tarin fuka da kuturta dangin juna ne, kuma magani ɗaya mai suna rifampicin shi ne ginshiƙin maganinsu. Shi ya sa shirin gwamnatin tarayya guda ɗaya ke kula da su, kuma cibiyar horar da ma'aikatansu tana nan jiharmu, a Saye kusa da Zariya. Duk lokacin da aka sha rifampicin ba bisa ƙa'ida ba, ana ba ƙwayoyin cuta damar sabawa da shi.

Yadda tarin fuka ke daina jin magani

Maganin tarin fuka na wata shida ne: wata biyu da magunguna huɗu, sai wata huɗu da guda biyu. Sau da yawa bayan makonni kaɗan tari yana lafawa, jiki ya fara dawowa, sai majinyaci ya ɗauka ya warke ya ajiye magani. Ƙwayoyin da suka fi rauni ne suka mutu, masu taurin kai suna nan. Idan suka hayayyafa, cutar na iya dawowa ba ta jin rifampicin da isoniazid. Kuma wanda ya kamu daga irin wannan majinyaci, irin wannan cutar zai ɗauka, ko da bai taɓa shan magani ba. A unguwanni masu cunkoso kamar Tudun Wada, Rigasa ko Badarawa, inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

A nan gwaji ke da muhimmanci. Duba kaki da madubin likita yana nuna akwai ƙwayar cuta, amma ba ya nuna ko tana jin magani. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana nuna duka biyun cikin kamar awa biyu. Wanda aka fara ba shi maganin da aka saba alhali cutarsa ta bijire, zai ɓata watanni yana sha a banza yana kuma yaɗa ta.

Albishir shi ne, a da irin wannan jinya kan ɗauki wata 18 zuwa 24, da allurai masu iya kurmantar da mutum. Tun 2022 hukumar ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyi na wata shida, babu allura, ga yawancin masu wannan lalura.

Kuturta: ciwon da ake ɗauka kyasbi ne

Najeriya ta kai matakin rage kuturta zuwa ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000 tun 1998, amma har yau ana samun sababbin masu kamuwa duk shekara. Da yake cutar ta yi ƙaranci, ma'aikatan lafiya da yawa ba su saba ganin ta ba, sai a ɗauki tabonta a matsayin kyasbi ko makero, a yi ta shafa mai har jijiya ta lalace.

Alamar farko ita ce tabo mai haske ko ja-ja a fata wanda ba ya jin taɓawa. Ma'aikaci zai ce ku rufe ido, ya taɓa wurin da auduga, sannan ya duba jijiyoyin gwiwar hannu da na ƙafa ko sun kumbura. Ƙirga tabon ma wajibi ne: ɗaya zuwa biyar wata shida ake shan magani, amma idan sun haura biyar, ko jijiya ta taɓu, wata 12 ne. Kuskure a nan na nufin a tsayar da magani tun cutar ba ta mutu ba. Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya mayar da yatsan da ya riga ya naƙasa.

Ana kuma iya ba mutanen gidan majinyaci rifampicin sau ɗaya domin rigakafi, amma sai an tabbatar ba su da tarin fuka ko kuturta tukuna.

Abin da ya kamata ku yi

Tarin da ya kai mako biyu, musamman da zazzaɓi, zufar dare ko rama, a kai shi sashen tarin fuka na asibitin gwamnati, kamar Barau Dikko, Babban Asibitin Kawo ko Yusuf Dantsoho. Ku tambaya ko da GeneXpert aka gwada kakin, kuma me sakamakon ya ce game da rifampicin. Idan kun taɓa shan maganin tarin fuka a baya, ko kun bari a tsakiya, ku faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, domin wannan bayanin na iya sauya maganin da za a ba ku.

Kada ku sayi waɗannan magunguna a kemis. Gwajin kaki da maganin cututtukan biyu kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su. Ku kawo mutanen gida a duba su, kuma ku tsaya wa majinyacinku har ranar da likita da kansa zai ce an kammala. Allah Ya ba mu lafiya.