Kada Mu Ci Tsaba Tun Tana Ganye

'Yan'uwa manoma da makiyaya, a rangadin da muka yi na azuzuwan yaƙi da jahilci a Kawar, wani ɗalibi a Segedin ya yi mana tambaya. Ya shuka alkama fangali goma a ƙarƙashin dabinonsa. Awakinsa sun rame, nono ya ragu a gida, ga alkama ta yi kore shar. Ya ce: "Malam, in na ba su ganyen nan, zan samu tsaba?"

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ruwan saman da ke sauka a Bilma bai kai milimita 20 ba a yawancin shekaru. Ko ayarin gishiri da ke zuwa Fashi da Bilma sai ya ɗauko dammunan ciyawa tun daga Abzin saboda raƙuma. A ƙasa irin wannan, ba za mu zargi mai akuya ba don ya sa ido a kan ɗanyen ganye. Masu garka a Timiya, Tabelot da Iferwan, inda ake noman alkama da ruwan rijiya lokacin ɗari, su ma sun san wannan damuwa.

Amsarmu ita ce: ya danganta da ranar da aka taɓa ganyen. Akwai lokacin da alkama ke yafewa, akwai lokacin da ba ta yafewa.

Makonni uku na farko

A wannan lokaci saiwa ba ta kama ƙasa ba. Akuya ba ta yanke ganye, fizga take yi. In ta fizga, sai ta tumɓuke shukar gaba ɗaya. Abin da aka tumɓuke kuwa ba ya dawowa. Ga gwaji mai sauƙi: ka kama ganye da yatsu biyu, ka murɗa, ka ja. In shukar ta fito da saiwarta, to, lokaci bai yi ba.

Lokacin fitar da 'ya'ya

Bayan kamar mako uku, gindi ɗaya yakan fara fitar da 'ya'ya. A nan ne kawai ake iya rage ganye ba tare da babbar hasara ba. Dalili shi ne, idon da zai zama zangarniya yana ɓoye a gindin shuka, ƙasa da inda haƙori ko lauje ke kaiwa. In an yanke ganyen sama, wani zai toho. Amma sai an biya alkama bashinta: a ba ta ruwa a kan lokaci, a ƙara mata taki.

Lokacin yin gaɓa

Nan ne iyaka. Idan kara ya fara tashi, yakan tura 'yar zangarniya sama a cikinsa, tun ido bai gan ta ba. Dabbar da ta ci kan karan nan, zangarniya ta ci. Wannan kara ba zai sake yin wata ba. Gindin zai yi ƙoƙarin fitar da sababbin 'ya'ya, amma a makare, kuma kawunansu ƙanana ne. A ƙasarmu wannan lokaci yakan zo wajen kwana 40 bayan shuka, ko kafin haka in sanyi ya yi ƙaranci.

Lokacin ciki da fidda kai

Ganyen ƙarshe da ke lulluɓe da zangarniya shi ne babban mai ciyar da ƙwaya. Wanda ya bari aka cinye shi, ko da kan ya tsira, zai sussuke tsaba shafaffiya marar nauyi.

Wani zai ce: ai a wasu ƙasashe ana kiwo cikin alkama, kuma a girbe ta. Gaskiya ne. A jihohin Oklahoma, Kansas da Texas na Amurka, ana sakin shanu cikin alkama duk tsawon hunturu. A Ostareliya ma ana yi da tumaki. Sai dai mu lura da abu biyu.

Na ɗaya, su ma suna da ranar fitar da dabbobi. Malaman gona na jami'ar jihar Oklahoma suna tsaga kara su duba. Da zarar ramin da ke ƙarƙashin 'yar zangarniya ya kai santimita 1 da rabi, wato kamar faɗin ƙaramin yatsa, sai a kori shanu. Sun nuna cewa kowace rana da aka ƙara bayan haka tana iya rage tsaba da kashi 1 zuwa 5 cikin 100.

Na biyu, alkamarsu irin ta ƙasar sanyi ce. Ana shuka ta a Satumba, a girbe a Yuni. Tana da watanni na murmurewa. Tamu kuwa ana shuka ta a Nuwamba, a girbe wajen Maris. Yankan ganye yana jinkirta nuna da 'yan kwanaki. In zafin bazara ya riski alkama tana cika ƙwaya, sai ƙwayar ta ƙanƙance. Saboda haka ƙofar da suke da ita ta watanni, tamu ta mako biyu ce ko uku. Wanda ya yi shuka a makare ma ba shi da ita sam.

To, ga shawararmu:

1. Mu rubuta ranar shuka a littafinmu na aji. Wannan yana cikin amfanin karatun da muke yi.

2. Kada mu saki dabba cikin garka. Kofato yana tattake fangali, ya rushe hanyar ruwa. Gara mu yanka da lauje, mu kai mata a turke.

3. A yanka sau ɗaya tak, a bar tsawon yatsu huɗu daga ƙasa.

4. Kafin yanka, mu tsaga babban kara da reza daga gindi. In mun ga rami ko gaɓa, a mai da lauje ɗaki.

5. Kada a ba dabba mai yunwa ɗanyen ganyen alkama zalla, domin yana kawo kumburin ciki. A fara ba ta busasshen abinci.

6. Mu gyara shinge kafin alkama ta yi gaɓa. Ɓarnar dare ɗaya a lokacin ta fi ta mako guda a baya.

Ga wanda awakinsa suka fi alkamarsa yawa, ya fi kyau ya ware fangali biyu ya ce na dabbobi ne, ya bar sauran su nuna lafiya. Bayan girbi kuma kara da ƙaiƙayi duk nasu ne.

Ɗalibinmu na Segedin ya tsaga kara a gabanmu. Ya ga 'yar zangarniya kamar kan allura, ta riga ta ɗaga daga gindi. Bai ce komai ba, ya ajiye lauje, ya tafi neman ganyen dabino na toshe shinge. Muna roƙon kowane ɗalibi ya yi wannan gwaji a garkarsa, ya kuma nuna wa maƙwabcinsa da bai shiga aji ba tukuna.

Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya raya mana dabbobinmu. Amin.